Jama'a, me za mu kira bonfire da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa masu fassara da masu sha'awar harshe. Watan Nuwamba na zuwa za ku fara ganin labarai daga Ingila ana ta maganar bonfire, kuma abin da ke damuna shi ne wasu sai kawai su rubuta gobara. Don Allah mu daina. Gobara musiba ce, ba wanda ke gayyatar mutane kallonta, jaje ake yi wa mai ita. Ita kuwa wannan da gangan ake hura ta, a fili, an tara itace ko katakai tuli guda, an sa rana, mutane sun yi shiri sun fito da yaransu.

Asalin kalmar ma wutar ƙashi take nufi, don a da can ƙasusuwa ake tarawa a ƙona, haka ta zo a wani ƙamus na Turanci da Latin na 1483. Samuel Johnson a ƙamusunsa na 1755 ya ɗauka daga kalmar Faransanci mai nufin kyau ta fito, amma masana ba su bi shi ba. Mu dai ba ruwanmu da wutar ƙashi, Baturen yau in ya faɗi kalmar ko tunanin ƙashi ba ya yi.

Ku duba inda ake amfani da ita. A Ingila daren 5 ga Nuwamba ne, tunawa da 1605 lokacin da aka kama Guy Fawkes a ƙarƙashin ginin majalisa a Landan yana gadin gangunan albarushi 36 da shi da abokan makircinsa suka shirya tashin Sarki James na ɗaya da su, to har yau duk shekara sai an tara itace an ɗora mutum-mutuminsa a kai an banka wuta ana harba tartsatsin wuta sama, garin Lewes ma sun fi kowa ɗaukar abin da zafi. A Ireland ta Arewa daren 11 ga Yuli ne, su katakan ɗora kaya suke jerawa hawa-hawa har su fi gidajen unguwa tsawo, kuma akwai siyasa da addini a ciki sosai. A Habasha Kiristocin Orthodox na hura tasu a dandalin Meskel na Addis Ababa a ƙarshen Satumba, Demera suke ce mata. Kun ga duk ukun wutar ce ke tara jama'a.

Cikin sunayen da aka ba da shawara, wani ɗan uwa ya kawo wutar jin ɗumi. Ta yi kusa amma ta yi ƙanƙanta, wannan ai ta lokacin hunturu ce, mutum biyar shida sun kewaye 'yan karare a ƙofar gida suna miƙa hannu, kuma ita don sanyi ake yinta, alhali su na Ireland ta Arewa a tsakiyar zafinsu suke hura tasu. Wata 'yar uwa ta ce babbar wuta kawai, to babbar wuta ai har kasuwa in ta kama haka za a ce. Wutar daji da toyi kuma na gona da daji ne.

Wanda ya fi burge ni malamin da ya tuna mana wutar tsangaya, yace a wajensu gargari suke cewa, almajirai su je su yo itace da yamma a zuba wuri guda, bayan isha'i a hura, kowa ya zauna da allonsa hasken na dukan rubutun. Wallahi siffar ta yi daidai. Sai dai kalmar ta karatun allo ce, in ka ɗora ta a kan wutar da ake ƙona mutum-mutumi ana shan giya a gefe ba ka yi mata adalci ba, ni ban goyi baya ba.

Shawarata ita ce wutar gangami. Gangami dama taro ne da aka yi shela aka kira mutane, kuma duk Bahaushen da ya ji zai gane ba haɗari ba ne, zai gane a waje ne kuma da yawan jama'a. Gwada ta a jimla: an hura wutar gangami a Lewes daren jiya, dubban mutane sun fito. Ta zauna. Daren 5 ga Nuwamba kuma ya zama daren wutar gangami.

Amma fa kar mu ce ko'ina ita za mu cusa. Bature in ya tara busassun ganye a bayan gidansa ya ƙona shi ma bonfire yake cewa, nan ƙona shara ce kawai. Jaridun Turanci na Najeriya in suka rubuta masu zanga-zanga sun yi bonfire a kan titi, ƙona tayoyi suke nufi, haka za mu rubuta. Masu aikin rediyo, ku furta wutar gangami da ƙarfi ku ji ko tana da nauyi a baki, in akwai wata tsohuwar kalma a Sakkwato ko Damagaram da ta fi ta ku kawo mana ita.