Maganin damina na yara: abin da masu bi gida-gida suke gani

Jami'ar lafiya a matakin farko, Jigawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kankama, an fara zagayen maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa nake so kowa ya kawo inda ya ga aikin yana tangarɗa. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, yawanci zagaye 4 daga Yuli zuwa Oktoba, wasu jihohin kuma 5. Magani biyu ne a fakiti ɗaya, SP wanda mutane suka fi sani da Fansida, da amodiyakwin. Ranar farko mai rabawa yana ba yaro ƙwaya ɗaya ta kowanne a gabansa. Sauran ƙwaya biyu na amodiyakwin uwa ce za ta bayar, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, bayan gwaje-gwajen da suka nuna yana rage zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin 100.

Mai raba magani gida-gida, Katsina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalar ba a ranar farko take ba, tana rana ta biyu da ta uku. Abu uku ke faruwa da ƙwayoyin nan. Wata uwar tana ajiye su a ƙasan kwano, wai sai ranar da jikin yaro ya yi zafi. Wata tana raba wa yayyensa masu shekara 6 ko 7, don ba ta ga dalilin da za a ba ƙarami a bar manya ba. Wata kuma yaro ya yi amai ko kasala jiya, sai ta tsorata ta bari. Duk ukun sakamakonsu ɗaya ne, kariyar ba ta kai kwana 28 ɗin da ake bukata. Abin da ke aiki shi ne a sa uwa ta maimaita bayanin da bakinta kafin a bar gidan, sannan a samu dattijuwa a unguwa da za ta leƙa gidaje kwana biyun nan. Kuma masu rabawan da za a tura su kasance mata. Namiji ba ya wuce zaure, ƙarshenta maigida ne zai karɓi fakiti, bayanin kuwa ba zai isa ɗaki ba.

Mai duba aikin masu rabawa, Sakkwato:
Gaskiya ne Malama. Ni a kan tambayoyin kafin bayarwa zan tsaya, don a nan gaggawa take cutarwa. Fakiti iri biyu ne, na ɗan wata 3 zuwa 11, da na wata 12 zuwa 59 wanda ƙarfinsa ninki biyu ne. Idan babu katin haihuwa, a ƙirga da Sallah ko kaka, kada a yi kirdado da girman jiki. Yaron da jikinsa ke da zafi ba a ba shi, ana tura shi asibiti a yi gwajin jini na yatsa. In ya nuna maleriya, maganin warkarwa zai sha. Ba a ba yaron da ke shan Septrin, ko wanda ya sha Fansida ko amodiyakwin cikin kwana 28 da suka wuce, ko wanda irin maganin ya taɓa fesa masa ƙuraje. Tambayar "ba shi da lafiya?" ba ta isa, gara a ce uwa ta ɗauko duk abin da aka sayo a kemis. A narkar da ƙwaya da ruwa kaɗan mai tsabta, yaro yana zaune, ba a danne shi a toshe masa hanci. In ya yi amai cikin minti 30, a bari ya huta a sake ba shi sau ɗaya kawai.

Wakilin lafiya na gari, jihar Maraɗi:
A nan Nijar CPS muke ce wa wannan tsarin, wato taƙaitaccen sunansa da Faransanci, kuma ana haɗa shi da awon damtsen yaro da tef mai launi uku don gano tamowa, tunda lokacin sauro shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani ce. Rawaya, daga 11.5 zuwa 12.5, tamowa matsakaiciya ce. Don duba kumburi, a danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa 3. In rami ya zauna, likita za a kai shi ko da awon ya nuna kore.

Unguwarzoma, Zamfara:
'Ya'yana, kuna manta lokaci. Wanda ya zo da hantsi gida zai tarar babu kowa, iyaye suna gona da goyonsu. A zo da sassafe ko bayan La'asar, mai shela ya zaga tun jiya da izinin mai unguwa. Rugage da tungayen noma kuma a rubuta su tun kafin rafi ya cika.

Jami'ar lafiya a matakin farko, Jigawa:
Allah ya saka, Inna. Ƙari ɗaya: wasu gidajen suna naɗe gidan sauro da zarar yaro ya sha magani, dole a riƙa faɗa cewa tare suke tafiya. A kuma gaya wa uwa alamomin da ba a kwana da su a gida: jijjiga, kasa shan nono ko ruwa, amai da duk abin da aka ba shi, tafin hannu ya yi fari fat, ko ƙuraje da kumburin baki bayan shan maganin. A rubuta ranar dawowa a katin yaro, a sa alama da alli a jikin bango inda ruwan sama ba ya duka.