Sanyi ne ya cinye rundunar Napoleon, ko sakacin shugabanta?

Mahaifin ɗalibi: Jama'a, raina ya ɓaci jiya, domin ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa an koya musu sanyin Rasha ne ya hallaka sojojin Napoleon, sarkin Faransa, a 1812. Wannan wanke mai laifi ne. Mutumin ya shiga Mosko ranar 14 ga Satumba, ya zauna cikin garin da ya ƙone har 19 ga Oktoba yana jiran Sarki Alexander na Rasha ya nemi sulhu, sannan ya juyo da mutanensa ta hanyar Smolensk, wadda su da kansu suka cinye ƙarƙaf lokacin zuwa. Yawancin dawakai ba a yi musu takalman ƙarfe masu kama ƙanƙara ba, saboda haka doki ya zame ya faɗi, amalanken abinci ya tsaya, soja ya yanka dokin ya ci. Daga ƙarshe kuma ya gudu ya bar su.

Tsohon soja: Malam, ka janye kalmar nan ta gudu. Sai da ya ƙetare da su kogin Berezina a ƙarshen Nuwamba, kafin ya tashi daga Smorgoni ranar 5 ga Disamba, kuma labari ya riga ya iske shi cewa Janar Malet ya yi yunƙurin juyin mulki a Paris. Wanda ya gudu ba ya tara manyan hafsoshinsa ya damƙa ragama ga Murat, mijin ƙanwarsa kuma sarkin Naples.

Malamar tarihi: Baba, da girmanka, amma damƙa amana ga wanda ba zai iya riƙe ta ba ai shi ma gudu ne. A birnin Vilna, inda rundunar ta isa bayan tafiyar Napoleon, akwai rumbuna cike da gari da nama, amma mayunwata suka riƙa tattake juna a ƙofar gari, Murat kuwa bai tsaya ya tsara rabo ba, kuma a Janairun 1813 shi ma ya kama hanyar Naples.

Tsohon soja: 'Yata, wanda bai taɓa kwana a daji da yatsunsa a sandare ba, ba shi da bakin kiran soja matsoraci.

Malamar tarihi: Ban ce matsoraci ba, Baba, cewa na yi ya gudu, kuma karatu ma hujja ne.

Ɗalibin jami'a: Malama, ai a Hausa duk wanda aka ce ya gudu daga fagen fama an kira shi rago. Da kin ce ya janye, da babu wanda zai tanka. Ni Ney nake girmamawa, babban hafsan nan na Napoleon wanda ya riƙe bayan runduna har kogin Niemen.

Tsohon soja: Madalla da yaron kirki. Ney ɗin kuwa wa ya ɗaga shi ya zama Marshal, wato babban kwamanda?

Mahaifin ɗalibi: Tunda ni na buɗe zancen, bari in rufe shi. Babu wanda ya musa maganar makonni biyar da aka ɓata a Mosko, ko ta takalman dawakai, wato kowa ya yarda da ni. Malama ta kawo hujjar Vilna, Baba kuma ya kawo shekarunsa na aiki, waɗanda muke girmamawa. Kalmar gudu tana nan ban janye ba, kuma ranar Litinin zan je in ga malamin yaron nan.