Live and Dangerous na Thin Lizzy: wasan dandamali ne ko aikin sutudiyo?

Sadiƙu: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun jiya. Na daɗe ina jin ana sa faifan Live and Dangerous na Thin Lizzy, ƙungiyar mawaƙa ta ƙasar Ayilan, a sahun gaba cikin fayafayan wasan kai tsaye na kiɗan rok. Sai ga shi na tarar Tony Visconti, wanda ya haɗa faifan da hannunsa, ya ce kashi 75 cikin 100 a sutudiyo aka sake yi, ganguna da hayaniyar 'yan kallo ne kawai na ainihi. In haka ne, ni a wurina wannan ba faifan wasa ba ne. An sayar wa mutane kaya da sunan da ba nasa ba.

Kawu Bala: Wa alaikumus salam. Sadiƙu ɗana, daga baki ɗaya ka ji ka yanke hukunci. Manajansu Chris O'Donnell ya ce akasin haka ne, kashi 75 na dandamali ne. Brian Downey mai ganguna ya ce ba a taɓa nasa ba. Scott Gorham da Brian Robertson, masu jita biyun, sun musanta wannan lissafi na Visconti. Ina karatu a Ingila faifan ya fito, watan Yuni 1978, na saye shi da kuɗin aljihuna, faifai biyu waƙa 17, ya kai na biyu a jerin fayafayan da aka fi saye a ƙasar. Waɗanda suka kalle su ido da ido a lokacin ba su ce sun ji baƙon abu a cikinsa ba. Abin da suka gani shi suka ji.

Sadiƙu: Allah ya ƙara girma Kawu, amma ai su masu kiɗan dole su kare sunansu. Shi Visconti me zai samu in ya yi ƙarya?

Kawu Bala: Shi ma yana da nasa. In faifan a sutudiyo aka gina shi, to yabon na wanda ya gina ne. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma kowa a cikin maganar nan da abin da yake karewa.

Mustafa: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren sana'ata, don aikin ɗaukar sauti nake ci da shi. A kan dandamali kowane makirufo yana ɗaukar abin da ba nasa ba. Na ganguna yana shan ƙarar jita, na mawaƙi yana shan ƙarar ganguna da bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, haka abin yake a cakuɗe. To in ka goge jitar da aka kaɗa a daren ka ɗora sabuwa, tsohuwar tana nan maƙale a layin ganguna, kuma in sabuwar ta saɓa mata ko da kaɗan ne kunne zai kama. Hujjar da Robertson ya kafa ke nan: ya ce yana buɗe sifikunsa da ƙarfi sosai, ba yadda za a yi a cire kiɗansa. Wannan magana ce da duk mai aikin sauti zai gane.

Sai dai Kawu, kada mu tsaya nan. Ana iya ɗora sabuwar jita a kan tsohuwa, ta bi sawunta daidai, don sautin ya ƙara kauri. Ana iya sake amshi gaba ɗaya ba wanda zai lura. Bes kuwa shi ya fi sauƙin gyara. Kuma Phil Lynott, mawaƙin ƙungiyar, yana waƙa ne yana kaɗa bes a lokaci guda, ga zirga-zirga a dandamali, dole a samu inda yatsa ya zame ko baki ya kauce wa makirufo. A labarin Visconti daga irin wannan ƙaramin gyara na Lynott aka fara a sutudiyon Des Dames da ke Faris, a Janairun 1978, sai abu ya yi ta faɗaɗa. Ni na yarda an yi gyara, ba kaɗan ba ma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wai ana iya auna shi da kashi kaza cikin ɗari. Kashi 75 na me? Na mintoci, ko na layukan tef, ko na waƙoƙi?

Hadiza: Ni abin da ya fi damuna ba gyaran ba ne, Yaya Mustafa. Haɗe-haɗen ne. An ɗauko wasu waƙoƙin daga zauren Hammersmith Odeon a Landan, Nuwamban 1976, wasu daga Filadelfiya da Toronto, Oktoban 1977. Kusan shekara guda tsakani, rangadi biyu daban, nahiya biyu. Amma in ka sa faifan sai ka ɗauka dare ɗaya ne, tafin wannan waƙa ya zarce cikin ta gaba. Daren da muke ji a faifan nan ba a taɓa yin sa ba.

Nura: Anti Hadiza, in don wannan ne ai kusan duk fayafayan wasa sun faɗi. Faifan Made in Japan na ƙungiyar Deep Purple, wanda kowa ke kafa misali da shi saboda ba a ɗora masa komai a sutudiyo ba, shi ma daga dare uku aka tsamo shi: biyu a Osaka, ɗaya a Tokyo, 15 zuwa 17 ga Agusta 1972.

Hadiza: Dare uku a jere a ƙasa ɗaya ba ɗaya yake da wata goma sha ɗaya ba, Nura. Amma na karɓi rabin maganarka, zaɓen waƙa mafi kyau daga kowane dare ba laifi ba ne. To waƙar Southbound da ke cikin Live and Dangerous fa? A lokacin gwajin sauti aka ɗauke ta a Filadelfiya, zaure ba kowa, daga baya aka sa mata tafi. Wannan kam ba gyaran kuskure ba ne. An sa mutane suna shewa a kan abin da ba su ji ba.

Kawu Bala: Wannan kam 'yata kin kama ni, ba zan kare shi ba. Su huɗun ne suka kaɗa ta tare a kan dandamali, amma tafin na aro ne, kuma da an rubuta haka ƙarara da ya fi.

Sadiƙu: To Kawu ai maganata ke nan tun farko.

Kawu Bala: A'a, kai cewa ka yi faifan duka ba na wasa ba ne. Bari in gaya maka dalilin da ya sa abin ya taɓa ni. Kafin 1978 fayafayansu na sutudiyo ba su taɓa kamo abin da suke yi a gaban jama'a ba, masoyansu sun sha faɗin haka. Jita biyu suna tafiya tare kamar murya da amshi, ga Lynott, baƙar fata da ya tashi a Dablin, uwarsa 'yar Ayilan, ubansa mutumin Guyana, yana jan zaure guda yadda ya ga dama. Ni ɗalibi baƙar fata a ƙasar mutane, ganin hotonsa a bangon faifan nan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Bayan fitowar faifan da kaɗan Robertson ya bar ƙungiyar, Gary Moore ya maye gurbinsa. Lynott ya rasu ranar 4 ga Janairu 1986 yana da shekara 36. Shi da aka ce daga kansa gyaran ya fara, ba shi nan balle ya faɗi nasa.

Mustafa: Amma tef ɗin suna nan, Kawu. A 2023 an fitar da babban kundi mai faifai 8: na asali, da wasanni 7 cikakku. Uku na Hammersmith, biyu na Filadelfiya, ɗaya na Toronto, sai na Rainbow Theatre a Landan na Maris 1978. Wannan na ƙarshen bayan aikin Faris aka yi shi, don haka ba ya cikin lissafinmu. Na saurari na Hammersmith. Akwai inda amshi ya yi rauni, akwai inda murya ta ɗan kauce, amma ƙarfin kiɗan da yadda jitocin ke haɗuwa duk suna nan tun a daren. Ko kafin nan, a 2009 an fitar da faifan Still Dangerous daga wasan Filadelfiya.

Sadiƙu: Ban san da wannan kundin ba, Malam Mustafa. Na janye cewa ba su iya abin da ke faifan ba. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: wanda ya saya a 1978 ba shi da tef ɗin da zai gwada, an bar shi da abin da aka ce masa kawai.

Hadiza: A nan ina tare da kai. Yaya Mustafa, wace waƙa za mu fara gwadawa?

Mustafa: Ku fara da Still in Love with You, tana da sanyi, kuskure ba ya ɓuya a cikinta. Ku sa ta faifan asali, sannan ku bi dararen Hammersmith uku ɗaya bayan ɗaya, da abin sawa a kunne ba sifikar waya ba. Ku kasa kunne ga bes tukuna, kafin jita.