Shawarwarin da aka ba ƙanena kan aikin tsaron sararin sama

Jiya da daddare a majalisarmu ta Kubwa maganar ƙanena ta taso, shi dai burinsa ya shiga sojan sama ɓangaren kakkaɓo makamai masu linzami, to ga abin da na tsinta.

Wani dattijo tsohon soja ya ce masa ɗana kar ka ɗauka makamin ne aikin fa, aikin yana ɗakin ba da umarni, rada, wato na'urar hango abin da ke tafe a sama, ta hango abu, kwamfuta ta lissafa inda zai faɗa, sannan mutum ya yanke hukunci cikin 'yan daƙiƙu ko na abokin gaba ne ko jirgin fasinja ne. Ya kawo misalin Janairun 2020 da Iran ta harbo jirgin Yukiren bisa kuskure mutum 176 suka rasu, wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Wani injiniya kuma ya ce ya riƙe lissafi da kwamfuta gam, don a 1991 a Dahran ta Saudiyya agogon Patriot, na'urar Amurka mai tare makamai masu linzami, ya ɗan kauce saboda ta daɗe a kunne, ta kasa tare makamin Scud, sojojin Amurka 28 suka mutu.

Makaranta kuwa kusan kowa NDA ta Kaduna ya ce, wato makarantar horar da hafsoshin soja, ko AFIT, kwalejin fasaha ta sojan sama, in injiniyanci yake so. Masu cewa ya kamata Najeriya ta sayo Iron Dome, wato tsarin tare rokoki na Isra'ila, ni ban bi bayansu ba, don rokoki na kusa aka ƙera shi ga tsada, mu rada da horar da mutane muka fi buƙata.