Waɗanda suka zauna Chana, ya kuka ga yadda suke gyara birni?

Ɗan Kwari: Salam jama'a, jiya muka yi musu a shago wai Chana da ƙarfin tsiya ta gyara iskarta. Ni dai abin da na gani a Gwanzu, tun 2007 suka hana babur shiga cikin gari, kuma in suka ce an hana to an hana, ɗan sanda zai ɗauke mashin ɗin ne kawai ba maganar Oga a yi haƙuri. Shenzen kuwa daga ƙarshen 2017 bas ɗinsu duk na lantarki ne, za ta tsaya a gabanka ba ƙara ba hayaƙi. Wa ya ga wani abu?

Tsohon Ɗalibi: Ni na yi Beijin daga 2013 zuwa 2018. Sanyin farko da na yi can wallahi bene na tsallaken titi ba ka ganinsa, kamar hazon hunturu amma mai warin gawayi, in ka cire takunkumi da yamma wajen hancin ya yi baƙi. Sai aka zo taron APEC, na shugabannin ƙasashen Asiya da Fasifik, a Nuwamba 2014, aka rufe masana'antu, motoci aka raba su da lamba yau mara gobe cika, sai ga sama shuɗiya tas har mutane na ɗaukar hoto. Baƙi na tafiya hazo ya dawo abinsa. Gaskiya kafin in baro an samu sauƙi sosai, wannan ba zan musa ba, amma a sanyin 2017 an hana ƙauyukan Hebei, lardin da ke kewaye da Beijin, ƙona gawayi alhali gas ɗin da aka ce za a ba su bai isa ba, mutane suka kwana cikin ɗari har sai da gwamnati ta sassauta.

Hajiya Mai Tayil: Ɗan'uwa ka tuna min 2017. Ina da oda a Foshan, masu binciken muhalli suka zo aka garƙame kamfanin, mai kamfanin ya ce min Hajiya ba inda zan kai ƙara. Kayana sai da suka yi kusan wata 2, kwali ma ya yi tsada.

Tsohon Ɗalibi: Hajiya ke kuɗi ne. Bayan gobarar Daxing, wani yanki a gefen Beijin, a Nuwamban shekarar, wadda ta kashe mutum 19, aka bi unguwannin 'yan ci-rani ana kora ana rushewa. Akwai wata tsohuwa da nake sayen dafaffiyar masara wurinta, na je ranar Litinin na tarar layin duk ɓaraguzai, katifu a bakin titi, ga sanyi. Hotunan da aka sa a WeChat, manhajarsu ta sada zumunta, kafin dare an goge.

Ummu Shangai: Mu a Shangai namu na shara ne lol. Yulin 2019 aka ce a raba ta kashi 4, jiƙaƙƙiya daban busasshiya daban, tara har yuwan 200. Wata inna ce ke tsayuwa gaban bola ta buɗe ledarka da hannunta, ranar farko ta mayar da ni sama saboda ƙashin kaza. Sati biyu na koya.

Ɗan Kwari: Mu ma ai an hana acaɓa a Kano a 2013, sai dai bas ɗin ce ba mu gani ba. Hajiya wancan kamfanin ya sake buɗewa kuwa?

Hajiya Mai Tayil: Ya buɗe, amma a wani lardin can ciki. Hayaƙin ya bi shi can.