Baba tsohon hedimasta ne, ana so ya tsaya kansila: mu bar shi ko mu hana?

Ɗiyar Malam: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah wanda abin ya taɓa faruwa a gidansu ya yi magana. Mahaifinmu ya fara koyarwa a 1988 da takardar shaidar malanta ta Grade II, daga baya ya yi babbar takardar malanta ta NCE ta hanyar cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI. Shekara 35 ya yi a firamare, 14 daga ciki yana hedimasta, ya yi ritaya a 2023. Tun muna yara zaurenmu ba ya rabo da mutane: mai son a rubuta masa takardar koke, matar da mijinta ya hana yaro zuwa makaranta, masu rigimar iyakar gona. Lokacin da mutane suka ƙi rigakafin shan inna, ƙaninmu ya fara miƙawa aka ɗiga masa a gaban masallaci, sannan sauran suka fito da nasu. Yanzu dattawan mazaɓa sun zo har sau uku, wai shi suke so kansila. Ya karkata. Matsalar ita ce yana da hawan jini, kuma kuɗin da zai taɓa shi ne kason farko na garatuti, wanda muka ware don sake rufin gida kafin damina. Inna ta ce ba da yawunta ba. Nawa abin yake ci a zahiri, kuma yaya ya ƙare wa naku?

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Ki ce masa ya biya kujerar Hajji da kuɗin, ya huta.

Ɗiyar Malam: Kuɗin ba su kai kujera ba, Malam. Kuma na ce ɗaki na yoyo.

Na Bakin Kasuwa: Ya tsaya mana! Su wa suka kafa siyasar Arewa in ba malaman makaranta ba? Malam Aminu Kano a makarantar Midil ta Bauchi ya koyar, ya koma Maru, ya ajiye alli a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU. Tafawa Ɓalewa malami ne. Shagari malami ne, har hedimasta ya yi a Argungu. In irin su Baba suka noƙe, kada mu yi kuka in 'yan jagaliya suka hau.

Marayan Hedimasta: 'Yar'uwa, na karanta saƙonki sau biyu, sai na ga kamar labarin gidanmu. Ki yi haƙuri zan tsawaita. Mahaifina shekara 33 yana koyarwa. Rabin manyan garinmu shi ya riƙe hannunsu suka rubuta a, b, c. Ranar da iska ta yaye kwanon aji uku, da albashinsa ya sayi ƙusa, ni na riƙe masa tsani. Haka aka zo masa, irin zuwan da aka yi wa naku, da goro da addu'a, ana cewa Malam kai kaɗai muka yarda da kai. Ya sayar da gonar fadama da ya gada. Aka buga fasta, aka yi ta dafa shinkafa a gidanmu wata biyu, mahaifiyata har hannunta ya yi kanta. Kullum da asuba akwai mai jiran kuɗin magani ko na suna a ƙofar gida, kuma ba ya iya cewa babu. Saura kwana huɗu zaɓen fidda gwani aka kira su gidan wani babba a cikin birni, aka ce an yi maslaha, an ba wani yaro. Yaron nan ɗalibinsa ne, a hannunsa ya gama aji shida. Baba ya dawo bayan isha'i, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya zauna a kan tabarma bai ce uffan ba har muka kwanta. Dattawan da suka kawo goro ko ɗaya bai taka ƙofar gidanmu ba bayan nan. Bai shekara biyu ba ya rasu, muka gaji bashin mai buga fasta. Har yau in na bi ta fadamar nan na ga wani na ban-ruwa a ciki, sai in sauya hanya. Ku riƙe shi, ko da kuka ne.

Uwar Biyu: Innalillahi. Allah ya jiƙan Malam, ya sa koyarwar da ya yi ta zame masa fitila a kabari.

Abu Hanan: Amin. Shi ya sa na ce Hajji.

Tsohon Kansila: Allah ya gafarta masa. Amma a yi adalci, ba kowa ne ke ƙarewa haka ba. Ni na yi kansila zango ɗaya, duk abin da na kashe bai kai miliyan 2 ba, har da fasta da man mashin. Na samo rijiyar burtsatse biyu da gyaran aji huɗu.

Na Bakin Kasuwa: Miliyan 2 a wace shekara, ranka ya daɗe? A Kano a 2024 hukumar zaɓen jiha miliyan 5 ta fara yanka wa fom ɗin kansila, na ciyaman miliyan 10, har sai da magana ta je kotu.

Ɗan Tasha: Mu a wajenmu ko sisi ɗan takara bai biya ba, jam'iyya ce ta saya masa. Abin da ya ci masa kuɗi shi ne daliget da masu zuwa gaisuwa.

Tsohon Kansila: Wanda jam'iyya ta saya wa fom ai yana da ubangida. Tambayar da ya kamata a yi ke nan: Hajiya, Baba yana da wani a sama, ko dattawan unguwa ne kawai?

Marayan Hedimasta: Da girmamawa, Honorabul, kai da ka ci moriyar abin ba kai za ka ba da shawara a nan ba. Waɗanda suka binne iyayensu su ya kamata a saurara.

Tsohon Kansila: To wa ya fi sanin rami, wanda ya shiga ko wanda ya leƙa? Ni ma ɗan malami ne, kada ka ɗauka daga sama na faɗo.

Malama Mai Aji Biyu: Ku duka maza kuna ta magana, ba wanda ya tsaya kan cewa matarsa ta ce a'a. Ita za ta yi dahuwar, ita za ta yi jinyar. Kuma hidimar jama'a ba sai da kujera ba. Tsohon hedimastanmu da ya yi ritaya, shugabancin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya karɓa. Shi ke bi gida-gida yana dawo da 'yan mata masu talla aji, ya buɗe ajin yaƙi da jahilci na dare a zaurensa. Maganarsa a wajen hakimi ta fi ta kansila nauyi.

Ɗan Tasha: In Baba ya ci, zaman majalisa zai koma asambuli. Ciyaman ya makara a sa shi kamun kunne, a duba farcen sakatare.

Uwar Biyu: Kai Ɗan Tasha, Allah ya shirye ka, ana maganar kuka kana sa mutane dariya.

Na Bakin Kasuwa: A tuna fa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye. In abin ya zauna, kansila zai yi daraja.

Malama Mai Aji Biyu: Ni wannan maganar ma tsoro take ba ni. Tsofaffin cikinmu sun sha ba mu labarin lokacin da albashin firamare yake hannun ƙananan hukumomi, a yi wata da watanni ba a biya ba. Ɗiyar Malam, kin ce kason farko. Saura kaso nawa?

Ɗiyar Malam: Ba su faɗa ba. Sun ce a jira.

Jikan Mai Alli: A jira! Kawuna shekara shida yana jira. Duk bayan 'yan watanni a kira tantancewa, mu ɗauko shi a Keke Napep da fayil ɗinsa a leda, takardar ɗaukar aiki ta yi ja har ta fara yagewa a lanƙwasa. Tsofaffi a rana tun ƙarfe bakwai, ba benci, wani ya shimfiɗa rawaninsa ya zauna. Ran nan na'ura ta ƙi karɓar yatsansa, aka ce ya dawo wani mako.

Tsohon Kansila: Ai da dokar 2022 ta ritayar malamai a shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki ta shafe shi, da yanzu Baba yana ofis, da ba a yi wannan zancen ba.

Malama Mai Aji Biyu: Buhari ya sa hannu, amma sai jiha ta amince take aiki a kan malamanta. Kuma ƙarin shekara biyar ba shi ke biyan garatuti ba.

Marayan Hedimasta: Namu har ya rasu ba a gama biya ba. Yanzu takardar gado suke nema daga kotu.

Ɗiyar Malam: Na gode muku duka. Dattawan sun ce za su dawo ranar Juma'a bayan masallaci, ni kuma har yanzu ban san me zan ce wa Baba ba.

Jikan Mai Alli: Marayan Hedimasta, don Allah takardar gadon nan, a kotun shari'a kuka karɓa ko sai babbar kotu? Maƙwabciyarmu ce ke nema, mijinta ya rasu da azumi.