Yarona ya koma fitsarin kwance tunda aka kai shi firamare, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, Admin dan Allah a ɓoye sunana. Yarona shekararsa 5, tun yana shekara 3 ya daina fitsarin kwance amma tunda aka koma makaranta wannan zangon abin ya dawo, kuma kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, muna isa ƙofar makaranta ya ƙanƙame ni yana kuka, ranar Asabar kuwa garau zaki gan shi. Daga nazare 2 suka tsallakar da shi firamare 1 wai yana da ƙoƙari, yanzu antinsu ta ce baya iya kwafar rubutu daga allo, yana juya b ta koma d, har tana tsayar da shi gaban aji. Boko sai ƙarfe 2, lesin zuwa 4, Islamiyya har magariba. Babansa ya ce shagwaɓa ce. Ya zan yi?

Maman Biyu: Allah sarki yaro. Wallahi ba shagwaɓa bace, tsoro ne, wa ke shagwaɓa cikin barci?

Hajiya Babba: Mu da haka muka tashi, bulala ta gyara mu. Ki dage da azkar safe da yamma kina tofa masa, zai saba.

Anti Malama: Hajiya addu'a dole ce amma a haɗa da gyara. Ƙanwata ni firamare nake koyarwa, a tsarin ilimi na Najeriya shekara 6 ake shiga aji ɗaya, wannan tsallaken mu iyaye muke murna da shi yaro ne ke shan wahalar. Ɗan shekara 5 bakinsa na iya riga hannunsa, ya haddace ABCD da ƙirge tsaf amma yatsun basu gama ƙwari ba balle ya ɗaga kai ya kalli allo ya dawo ya nemo inda ya tsaya a littafi, kuma zama wuri ɗaya na tsawon lokaci ba nashi bane tukuna, da wasa yake koyo. Juya b da d kuwa yara da yawa na yi har wajen shekara 7, sai in ya wuce nan bai daina ba ake bincikawa. Tsayar da shi gaban aji ne ya fi ɓata min rai, yaron da ake wa dariya me zai shiga kansa? Ki samu hedimasta ke da babansa, ba da faɗa ba, ku nemi a mayar da shi aji daidai shekarunsa ko aƙalla a dawo da shi bencin gaba a daina kunyata shi.

Sista Nas: Kafin a ɗora komai kan damuwa ki kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, yaron da ya daina ya koma wani lokacin ciwon sanyi ne ko suga, musamman in yana yawan shan ruwa yana ramewa. A duba idonsa ma, ƙila allon ne baya gani. Ƙarfe nawa yake kwanciya? A shekarunsa barcin awa 10 zuwa 13 yake buƙata. Kar ki dake shi kan fitsarin, kar ki bari yayyensa su tsokane shi.

Maman Biyu: Kuma ki lallaɓa ki tambaye shi lokacin wanka ko kuna cin abinci, da wa yake wasa, wa yake tsoro, akwai mai dukansa ko ƙwace masa abinci? Kar ki tsare shi da tambaya zai yi shiru.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka. Sista sai wajen 10 yake kwanciya saboda aikin gida da ake basu. Lesin ɗin zan cire daga gobe, matsalar babansa ce, ba zai yarda a mayar da shi baya ba saboda kuɗin da ya biya.

Anti Malama: Ki fara da asibitin, ku je tare ya ji daga bakin likita. Maganar aji kuma ki tambayi makarantar ko za su mayar da kuɗin kan zango mai zuwa.